Kafin A Toshe Tsohuwar Ƙofa

A nan Dungu, kudu da Tamale a kan hanyar Kumasi, "mai kwamfuta" ake ce mini. Sunan ya bi ni tun ina gyara wa ɗaliban jami'ar UDS wayoyi da laftof, jami'ar da harabarta ta cika unguwarmu da ɗakunan haya da shagunan buga takardu da masu keken yalo-yalo. Aikin da nake ci da shi yanzu kuwa da wuya a gan shi da ido. Ina kula da wani ɗan shafin intanet da wasu makarantu masu zaman kansu suke amfani da shi, na boko da na Islamiyya. Uba ko uwa su shiga da lambar ɗansu da kalmar sirri, su ga sakamakon jarrabawa, su ga abin da ya rage na kuɗin makaranta, in suna so su biya ta momo. Ni na gina shi, ni nake kula da shi, kuma in ya tsaya da tsakar dare wayata ce take ƙara.

Abin da nake so in tattauna da 'yan uwa masu karatu shi ne ɓangaren wannan aiki da ya fi yi mini nauyi, wato rufe tsohuwar hanyar shiga alhali na san akwai mutanen da ba su da wata sai ita.

Bari in fara da bayanin hanyar. Duk wanda ya taɓa buɗe shafin banki ko na makaranta ya ga adireshin ya fara da https, sau da yawa da alamar ɗan kwaɗo a gefe. Ma'anarsa ita ce abin da ke tafiya tsakanin wayarka da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, an juya shi zuwa zaurance, ta yadda wanda ya tare shi a hanya ba zai gane ba. Kafin su fara magana, waya da saba sai sun gaisa. Kamar dai a kasuwar Aboabo ne, inda mai saye zai yi sallama, mai kaya ya saurari harshensa, su tsaya a kan Dagbanci ko Hausa ko Turanci. Waya takan ce, "Ga zaurancen da na iya." Saba ta zaɓi mafi ƙarfi a cikin waɗanda su biyun suka sani.

Shi zaurancen nan hawa-hawa ne. Kamfanin Netscape ya fitar da SSL 3.0 a 1996. TLS 1.0 ya gaje shi a 1999, sai 1.1 a 2006, sai 1.2 a 2008, sai 1.3 a 2018. Kowane sabo ya zo ne don an gano ɓaraka a na baya. A 2011 wasu masu bincike biyu suka nuna wa duniya yadda za a iya tsinto wani ɓangare na saƙon da aka kulle da TLS 1.0, suka sa wa dabarar suna BEAST. A Oktoban 2014 masu bincike na Google suka fallasa wata da ake kira POODLE, wadda ita ce ta fi koya mini darasi. A wannan dabarar, mai kutse yakan tsaya a tsakiya yana ɓata gaisuwar, har waya da saba su ɗauka ba su fahimci juna ba, su yi ta sauka zuwa tsohon zaurance, su dira a kan SSL 3.0 wanda shi ya san lagonsa. Ke nan ko wayarka sabuwa ce fil, muddin ita da saba ba su daina amsa tsohon harshe ba, ana iya jan ku can. Tsohuwar ƙofar da aka bari a buɗe saboda kaka, ɓarawo ma ta nan zai shigo, kuma ba ɗakin kaka kaɗai zai shiga ba.

Shi ya sa aka yi ta rufewa. Masu dokar katin biyan kuɗi suka sa 30 ga Yunin 2018 a matsayin ranar ƙarshe ta TLS 1.0. A Oktoban shekarar, Apple da Google da Microsoft da Mozilla suka sanar cewa burauzojinsu za su daina karɓar 1.0 da 1.1 a 2020. A Maris na 2021 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta yi musu ritaya a hukumance. Amma akwai wani abu da ya faru a tsakani da ba na mantawa. Mozilla ta kashe su a Firefox a Maris na 2020, sai kuma ta mayar da su da gaggawa, domin wasu shafukan gwamnatoci masu ɗauke da bayanan korona ba su bar tsohuwar ƙa'idar ba, ga mutane suna neman labarin cutar. Masu ƙarfi ma da suka ga wa za a bari a waje, sai suka dakata.

Nawa lokacin ya zo ne bayan an sake buɗe makarantun Ghana a Janairun 2021, bayan rufewar da aka yi tun Maris na 2020. Kamfanin da ke karɓar mana biyan kuɗi ya aiko da sanarwa cewa nan gaba kaɗan ba zai yi hulɗa da shafin da ke amsa tsohon zaurance ba. Gaskiyarsu ce. Aikin kansa kuwa ba wani abu ba ne, layi ɗaya ne a cikin fayil, a goge kalmomi biyu a sake tayar da saba. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Amma kafin in taɓa layin, sai na sa saba ta riƙa rubuta mini a rajista da wane zaurance kowane mai shiga ya gaishe ta, na bar ta tana yi har wata guda.

Mafi yawan masu shiga da sabo suke zuwa. Sauran 'yan ƙalilan ne, waɗanda a lissafin babban kamfani ba za a ma ɗaga kai a dube su ba. Wayoyi ne masu Android 4.3 zuwa ƙasa, waɗanda burauzar da suka zo da ita ba ta wuce TLS 1.0 ba, da kuma kwamfutoci masu Windows XP, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 8 ga Afrilun 2014. Ɗaya daga cikin kwamfutocin ma a ofishin wata makarantarmu take, da ita sakatare yake shigar da makin yara. Da yake kowane mai shiga da lambar ɗalibi yake shiga, sai na kai wa shugabannin makarantun lambobin, na roƙe su su tuntuɓi iyayen.

Ta haka na san wata Hajiya mai sayar da wake da gyaɗa a Aboabo, wadda take riƙon jikokinta. Wayar ɗanta ne ya aiko mata daga Kumasi shekaru da suka wuce, tana naɗe ta a leda a cikin lalitarta, ko ƙwarzane babu a fuskarta. Ita ba ta karanta Turanci, babbar jikar ce take buɗe shafin ta karanta mata. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni.

Ta juya wayar a hannunta ta ce, "Ɗana, wayar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗuwa ba. Me ya lalace a cikinta?"

Na ce, "Babu abin da ya lalace, Hajiya. Makullin da take amfani da shi ne ɓarayi suka riga suka san yadda ake buɗe shi."

Ta ce, "To ni me nake da shi da za a sata? Makin yara?"

Wannan tambaya ta cancanci amsa, kuma na sha jin irinta daga masu ilimi ma. Kowa a ƙasar nan ya san kiran nan na 'yan damfara: "Daga makarantar 'yarki muke, ta faɗi an kai ta asibiti, turo kuɗi ta momo yanzu-yanzu." Abin da ke sa ƙaryar ta zauna shi ne cikakken sunan yarinya da ajinta da sunan malaminta da ainihin bashin da ake bin gidan. Duk waɗannan suna cikin shafina. Uwar da aka kira aka faɗa mata su daidai, ba za ta tsaya tambaya ba. Na yi wa Hajiya wannan bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce an taɓa yi wa maƙwabciyar rumfarta irin wannan kira. Daga nan ta tambayi kuɗin sabuwar waya. Da na faɗa mata, sai ta yi dariya ta ce wannan ai kuɗin makarantar jika guda ne, in zaɓa mata wanda za ta cire.

A hanyar komawa Dungu na yi ta juya maganar. Barin ƙofar a buɗe cin amanar sauran iyaye ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wato Act 843, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Rufewa rana ɗaya ba shiri kuma, daidai yake da in ce wa Hajiya talaucinta ya kore ta daga sanin halin karatun jikokinta. Ƙofar dai za a rufe ta. Abin da ya rage a hannuna shi ne yaushe, da kuma me zan tanadar wa waɗanda suke bi ta cikinta.

Ga abin da na yi. Na sa saba ta riƙa nuna wa masu tsohon zaurance kaɗai wani saƙo a saman shafi, da Turanci da Hausa da Dagbanci, mai faɗa musu ranar rufewa, har tsawon zangon karatu guda. Na buɗe hanyar gajeren saƙon tes, wanda kowace waya take karɓa, har ƙaramar mai tocila. Da yake tes ba a kulle yake ba, ba na sa cikakken sunan yaro ko na makaranta a ciki, sai jimillar maki da ragowar kuɗi, ga lambar da makaranta ta tantance kawai. Na roƙi makarantu kada su daina buga takardar sakamako ga duk wanda ya nema. Kwamfutar sakatare na kwashe abin da ke cikinta, na ɗora mata Linux mara nauyi, na zauna da shi yini biyu har hannunsa ya saba. Wasu matasa sun gano cewa Opera Mini tana buɗe shafin a tsohuwar waya. Na ce musu haka ne, domin kwamfutocin kamfanin ne suke karɓo shafin su miƙo musu, amma su sani cewa a can tsakiya ana kwance zaurancen kafin a sake ɗaure shi, don haka mai shiga tsakani ya ƙaru. Ranar rufewa kuma na sa ta a cikin hutu, nesa da makon biyan kuɗi da makon fitar sakamako. Da tes na farko ya shiga wayar Hajiya, jikar ta kira ni ta ce kakarta ta ce a gaya mini wannan ma ya fi, ba ya cin data.

Na ɗauka an huta, ashe wata na tafe, ita kuma ta takardar shaida ce. Kowane shafi mai https yana da takardar da ke tabbatar wa waya cewa shi ne, ba na jabu ba. Tsarin ya yi kama da na maigida a zangon fatake. A zamanin cinikin goro, baƙon da ya sauka Salaga ba a san shi ba, amma an san maigidansa, in maigida ya tsaya masa sai a ba shi kaya. Ita ma waya tun daga masana'anta ake zuba mata jerin masu gidan da za ta yarda da su. Ni da dubban masu ƙananan shafuka irina, takardarmu daga Let's Encrypt take, wadda ta fara bayar da ita kyauta a 2015, kuma ba don ita ba da yawancinmu ba mu iya sa kwaɗo a shafukanmu ba. Da farko wani tsohon maigida ne yake tsaya mata, wata tushen takarda ta kamfanin IdenTrust, wadda wa'adinta ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2021. Sabon tushen, na Let's Encrypt ɗin kanta, wayoyin da ba su kai Android 7.1.1 ba ba su san shi ba. A ƙarshen 2020 ita da kanta ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na wayoyin Android suna cikin wannan rukuni. Sai suka nemi dabara da IdenTrust, aka ƙara wa waɗannan wayoyi shekara uku, har zuwa 2024. Shekara ukun nan na yi amfani da su. Na yi ta bin iyaye ta hannun makarantu ina sa musu Firefox, domin ita da nata jerin masu gidan take zuwa, ba ta dogara da na waya ba. Wanda wayarsa ba ta ɗauka, na mayar da shi tes. A tsakiyar haka WhatsApp ma ta daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba, daga 24 ga Oktoban 2023, kuma wannan ya sa mutane da yawa suka sauya waya fiye da duk wa'azin da na yi.

Duk wannan ɗawainiya babu wanda ya ƙudura biyanta tun farko. Da na kai wa mai ɗaya daga cikin makarantun takardar kuɗin kula na shekara, dattijo ne mai mutunci, sai ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ba mun biya ka kuɗin ginawa ba? Abu yana aiki lafiya ƙalau, me kuma ake gyarawa?"

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka san masallacin Larabanga."

Ya ce ya sha yin salla a ciki. Masallacin nan na ƙasa da ke kusa da Damongo ya daɗe a tsaye ne saboda ana sabunta masa yaɓe. A shekarun 1970 aka ga kamar wahalar ta yi yawa, aka shafe shi da siminti don a huta gaba ɗaya. Simintin ya tsare danshi a cikin bango, katakon ciki ya ruɓe, gara ta samu wuri. Da guguwa ta zo ta rushe wani ɓangare na ginin. A 2002 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na duniya da ke cikin haɗari, kuma gyaran da aka yi masa shi ne kankare simintin a koma yaɓen ƙasa da kulawar kowace shekara. Na ce masa shafin intanet ginin ƙasa ne, ko da kuwa a fuskar waya yana ƙyalli kamar tayil. Ruwan da ke dukansa shi ne masu neman ɓaraka, su kuwa ba su da rani. Alhaji ya yi murmushi ya ce in rage masa wani abu, na rage, ya sa hannu.

Ban ga laifinsa ba, domin haka muka saba. Muna yanka wa sabon gini rago, mai yaɓe kuwa ko sannu ba ya samu. Aikin kula, in an yi shi da kyau, alamarsa ita ce ba a ga komai ba: takarda ta sabuntu kafin wa'adinta, an toshe ɓaraka kafin a shigo, kwafin ajiya yana nan ko da ba a taɓa nemansa ba. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, Ghana da maƙwabtanta suka shiga duhu, iyaye sun yi ta kirana suna tambaya me na taɓa. A ranar ce wasu suka fara sanin cewa akwai mutum a bayan shafin. Hanyar tes ɗin da na buɗe saboda masu tsofaffin wayoyi ita ta riƙe mu a kwanakin, har masu wayoyi masu tsada suka dawo suna neman a sa lambarsu.

Akwai abin da ke ci mini rai a tsarin gaba ɗaya. Ranakun rufewar nan a Amurka da Turai ake yanke su, inda mutum kan sauya waya kafin ta tsufa. Mu nan wayar da ta gama yayinta a wani wuri ita take sauka a hannunmu, daga yaya zuwa ƙane, daga ɗa zuwa uwa, kuma masu arahar sukan daina samun sabuntawa tun batirinsu bai gaji ba. Idan aka ce saura kashi kaɗan ne suke kan tsohuwar ƙa'ida, wannan kashi kaɗan ba a warwatse yake a duniya daidai wa daida ba. Ya taru ne a wurare irin su Aboabo da Hausa Zango da ƙauyukan da ke bayan Dungu. Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar mana tsohon zaurance don tausayi. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar kwaɗo mai kyau, domin shi in an kwashe masa momo babu inda zai kai ƙara a saurare shi.

Saboda haka ga 'yan uwana masu wannan sana'a, a Tamale ko Kano ko Maraɗi, shawarata ita ce mu rufe, amma mu fara duba rajista mu ga su wa suke bi ta nan. Mu ba su wa'adi da harshen da suke ji, mu zaɓi ranar da ba ta matsi ba, mu buɗe musu wata hanya ko da ta tes ce ko ta takarda. Mu kuma sa kuɗin kula a cikin yarjejeniya tun ranar farko, tun ran gini ran zane. Ga masu karatu kuwa, in waya ta ce a sabunta ta, a daure a ba ta data. In shafi ya nuna jan gargaɗi cewa ba a amince da shi ba, kada a danna a wuce a zuba kalmar sirri. In za a ba tsohuwa waya, a tambayi mai gyara ko tana samun sabuntawa, kada a ba ta wadda aka riga aka rufe wa ƙofa.

A bangon ɗakina akwai takardar da nake rubuta ranakun da ke tafe. A Afrilun 2025 masu bayar da takardun shaida da masu burauzoji suka amince a riƙa rage tsawon ran takarda mataki-mataki, har ya dawo kwana 47 a 2029. TLS 1.2 da muke taƙama da shi yau, an haife shi tun 2008, shi ma ranarsa za ta zo. Kafin ta zo zan sake kunna rajista in bar ta wata guda, in ɗauki lambobin in kai makarantu, in hau yalo-yalo in bi mutane rumfa-rumfa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, Ya tsare mu daga sharrin masu kutse.